Idan Allurar Agogon Inji Ta Kwanta: Jawabin Malamin Gona Ga Manoman Rikoto



Yau ba maganar taki ko ta iri na zo da ita ba, maganar mota ce. Na san wani zai ce a ransa, "Malam, mu da ba mu ajiye ko keke ba, ina ruwanmu da mota?" To, a yi mini haƙuri a saurara. Dawar da kuka yanka, da masarar da kuka ɓare, da waken suya da shinkafa, ba a ka ake kai su kasuwa ba yanzu. Ko dai ƙungiyarku ta haɗa kuɗi ta sayi tsohuwar akori-kura, ko ɗanka ne yake tuƙa ta wani, ko kuwa shata kake ɗauka in kaka ta yi. Ran da motar nan ta mutu a daji da buhunanka a kanta, ba mai ita kaɗai ya shiga uku ba. Kuma kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki a 'yan shekarun nan, ta wajen Ribah da Bena da Wasagu. Ba wanda yake so magariba ta same shi tsaye a gefen hanya da bonet a buɗe.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne wani abu da ya faru a gabana bara. Na bi wata tsohuwar motar ɗaukar kaya mai shan gas daga wani ƙauye bayan Dabai, an yi mata lodin masara za a kawo Zuru. Ina zaune kusa da direba, sai na lura allurar ɗaya daga cikin agogunan da ke gabansa tana tashi tana faɗuwa, alhali kuwa ƙarar injin ba ta sake ba. Da duhu ya fara, ya kunna fitila, sai allurar ta kwanta gaba ɗaya, aka kuma ji wani ɗan kuka, ƙiiii, daga cikin bonet. Na ce masa, "Direba, agogonka fa yana magana." Ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ai ado ne, ya fi wata biyu yana haka." Ba mu yi nisa ba fambel ya tsinke. Birki ya yi tauri kamar dutse a kan gangara, da ƙyar ya tsai da ita, kafin nan ruwan lagireto ya fara tafasa. Sai da aka tura yaron mota a kan babur ya nemo fambel a gari, muka iso tsakar dare. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Amma wata biyu agogon nan yana faɗa masa abin da zai faru.

Wane agogo ne wannan?

A gaban direba akwai manyan agoguna biyu a motocin da suke da shi. Ɗaya shi ne maleji, wanda kowa ya sani, mai nuna saurin tafiyar mota. Ɗayan kuwa, mai lambobi ƙanana daga 0 zuwa 5 ko 6, wani har 8, da jan fenti a ƙarshensa, shi nake nufi. Za ku ga an rubuta RPM a jikinsa, ko x1000. Mu kira shi agogon juyin inji, don aikinsa ke nan: yana ƙirga sau nawa injin yake juyawa a cikin minti ɗaya. In allura tana kan 1, watau juyi 1,000 a minti. In tana kan 2 da rabi, juyi 2,500 ke nan. Maleji labarin taya yake ba ka, wannan kuwa labarin injin kansa, ko motar tana tafiya ko tana tsaye.

Ba kowace mota ce take da shi ba. Fijo akori-kura irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, inda kamfanin Peugeot ya fara aiki a 1975, da yawa daga cikinsu ba su zo da shi ba, sai in wani mai ita ya saya ya ɗaura. Amma Toyota Hilux da 'yan'uwanta da yawa suna da shi, kuma kusan kowace tarakta tana da shi. Wanda motarsa ba ta da wannan agogo kada ya tashi ya tafi, don rabin maganar tawa a kan fambel ce da jar fitilar caji, waɗannan kuwa kowace mota tana da su.

Injin da yake lafiya, in ya yi ɗumi yana silo, allura takan tsaya wajen 700 zuwa 900, watau ƙasa kaɗan da lamba 1. Tsohon injin gas ya fi ƙarfin jan kaya a wajen 2,000 zuwa 2,500. Na fetur yakan so a ɗan ɗara haka. To, ƙasarmu ta Zuru ƙasar duwatsu ce da hawa da gangara. Direban da ya ɗauko buhu goma sha biyar ya tunkari hawa da babbar giya, allura ta sauko kusa da 1, injin yana gurnani yana baƙin hayaƙi, yana cutar injin ne yana kuma zubar da mai. Wanda kuma ya danne totur har allura ta shiga ja, shi ma haka. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, ba sai na gaya muku abin da lita ɗaya take nufi a aljihu ba, kuma duk man da direba ya ƙona a banza, a kuɗin buhunka zai fanshe shi.

Akwai kuma wani amfani da mutane ba su cika lura da shi ba. In kuna hawan tudu ka ga allurar juyin inji ta yi sama, injin yana ihu, amma maleji bai ƙaru ba, to kuloci ne yake sulɓewa, ya kusa ƙarewa. Gara a gyara shi a gari da ya ƙone a daji.

Daga ina yake samun labari?

Wannan ita ce tambayar da in ka san amsarta ka yi rabin gyara. Agogon ba ya gani, ba ya ji. Wani abu ne a jikin injin yake aiko masa da saƙo, kuma abin ya bambanta daga mota zuwa mota.

A tsohuwar motar fetur, wata siririyar waya ce take tasowa daga jikin kwayil, daga ƙafar da aka yi wa alamar ragi, ta zo bayan agogon. Duk lokacin da kwayil ya ba fulogi wuta, agogon ya ƙirga ɗaya. Injin mai silinda huɗu yana ba da wuta sau biyu a kowane juyi, mai shida kuwa sau uku. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Injin gas ba shi da kwayil, ba shi da fulogin wuta, don haka dole a nemo labarin a wani wuri. A wasu, akwai ɗan ƙaramin abu mai waya biyu da aka ɗaura a jikin famfon gas, ko kusa da haƙoran babban faifan da ke bayan injin, yana ƙirga haƙoran da ke wucewa. A wasu kuwa, musamman waɗanda aka ɗaura wa agogo daga baya da kuma taraktoci da yawa, daga altaneta ake ɗaukowa, watau injin cajin batir, a wata ƙafa da aka rubuta wa harafin W. Irin wannan ita ce motar da na ba ku labarinta. Tsofaffin taraktoci kuma, irin su Massey Ferguson 135 da 165, ba ruwansu da lantarki a nan: wata igiyar ƙarfe ce cikin kube take juyawa tun daga injin har bayan agogo, kamar ta malejin babur.

Ka tambayi bakanikenka wace iri ce taka, sau ɗaya tak, ka riƙe.

Kunne tukuna, kafin sufana

In allura ta fara wasa, kada ka fara da kwance komai. Tsai da mota, ja birkin hannu, ka bar injin yana silo, ka saurara kana duban allurar. In allura tana rawa, injin ma yana rawa tare da ita, yana tari yana neman mutuwa, to agogon ba shi da laifi, gaskiya yake faɗa. Injin ne ba lafiya, a nemi ciwon a wajen mai ko wajen wuta. In kuwa ƙarar injin tana nan daram, allura ce kaɗai take tsalle ko ta kwanta, to matsalar tana tsakanin agogon da inda yake samun saƙo. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo, amma na sha ganin an sayi sabon agogo saboda ba a yi shi ba.

Sa'an nan ka dubi maƙwabtansa. Agogon mai da na zafin inji suna aiki? In duka sun mutu tare, kusan kullum fis ne ya ƙone, ko kuwa wayar da ke komar da wuta jikin ƙarfen mota, wadda masu gyara ke kira at, ta saki ko ta yi tsatsa. Akwatin fis yana ƙarƙashin sitiyari ko a cikin bonet. Ka ciro wanda ake zargi ka ɗaga shi a haske, za ka ga ɗan ƙarfen ciki ya rabu. Ka sa wani mai lamba iri ɗaya. In sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta feɗe tana taɓa ƙarfe, sai an nemo ta. Don Allah kada a naɗa masa takardar sigari ko zaren waya, kamar yadda aka saba. Fis ai don ya ƙone aka yi shi, domin kada mota ta ƙone. Motar da ke ɗauke da busasshiyar harawa ko buhunan leda ba ta bukatar wuta mai yawa.

Alamar lalacewar at kuma tana da ban dariya: ka kunna sigina, allura ta riƙa rawa tare da ita, ka taka birki ko ka kunna fitila, ta motsa. In ka ga haka, ka bi baƙar wayar da aka ɗaure da noti a jikin bodi, ka kwance, ka goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, ka mayar ka ɗaure tamau. Haka nan kawunan batir. In sun yi farin gari, a wanke da ruwan zafi a goge.

Wani abokin gaba da littafin mota bai san da shi ba shi ne ɓera. Motar manomi hatsi take ɗauka, kusa da rumbu take kwana, ƙwayar masara tana zuba a kowane lungu. Ɓeraye su shiga bayan agoguna su yi sheƙa, su ci rigar waya. In mota ta kwana biyu a ajiye, ka tashe ta ka ga agogo ya mutu, ka leƙa ƙarƙashi da tocila kafin ka zargi kowa. A riƙa share bayan mota in an sauke kaya, a kuma nisanta ta da rumbu.

Fambel

To, nan ne nake so mu daɗe, don nan rai yake. Mu ɗauki motar gas wadda agogonta ke samun saƙo daga altaneta. Altaneta ba ya juya kansa, fambel ne yake juya shi. Saboda haka abin da agogon yake ƙirgawa a gaskiya juyin altaneta ne. In fambel ya saki yana sulɓi, altaneta zai rage gudu ko da injin bai rage ba, sai allura ta sauko. Shi ya sa take faɗuwa daidai lokacin da aka kunna manyan fitilu, don a lokacin ne altaneta yake yin nauyi, sakakken fambel ya kāsa jansa. Haka nan in an ƙetare rafi ruwa ya jiƙa shi, ko da sassafe in an tashi mota, za ka ji kukan nan ƙiiii na ɗan lokaci.

Me ya sa abin ya wuce wasa? Domin a yawancin tsofaffin motocin nan, fambel ɗin da ke juya altaneta shi ne kuma yake juya famfon ruwa da fanka. In ya tsinke, caji ya tsaya, ruwa ya daina zagayawa, cikin 'yan mintoci injin ya ɗau zafi. In direba bai lura ba, gaskit ya ƙone, wani lokaci kan injin ya lanƙwashe ko ya tsage, gyaran da zai cinye kuɗin buhuna masu yawa. Ba a nan abin ya tsaya ba. Injin gas ba ya zuƙar iskar da ke sassauta birki da kansa kamar na fetur, don haka a motoci da yawa, har da tsofaffin Hilux masu gas, an manna wani ɗan famfo a bayan altaneta don wannan aiki. Altaneta ya tsaya, famfon ya tsaya. Za ka taka birki sau ɗaya, sau biyu, ya kama kamar kullum, daga nan sai ya yi tauri. Birkin bai mutu ba, yana nan, amma sai ka taka shi da dukan ƙarfinka, ka kuma sauko da giya. Direban da bai san wannan ba yakan firgita ya ɗauka birki ya tsinke. Ku gaya wa 'ya'yanku masu tuƙi.

Duba fambel ba wuya. Kashe injin, zare makulli ka sa a aljihu. Ka naɗe hannun riga. Babbar riga da rawani ba su da wuri kusa da fanka. Ka danna fambel da babban yatsa a tsakiyar inda ya fi tsawo tsakanin fuli biyu. Ya kamata ya lotsa kamar santimita 1, misalin kaurin ƙaramin yatsa. In ya wuce haka sosai, ya saki. Ka juyo cikinsa ka duba: in ya tsattsage, ko gefensa yana ƙyalli kamar an goge shi, ko ya nutse can ƙasan ramin fuli, ko baƙin mai ya jiƙa shi, ɗaurewa ba za ta yi magani ba, sai sabo. In mai ne yake ɗiga a kansa, a toshe inda yake yoyo, in ba haka ba sabon ma kwanansa kaɗan ne. Inda fambel biyu ne a jere, a sake su tare, kada a haɗa tsoho da sabo.

Wajen ɗaurewa, a sassauta notin altaneta, a tura shi waje da sandar itace har fambel ya miƙe, a ɗaure. Amma kada a ja shi kamar tsirkiyar baka. Wanda ya yi tsauri da yawa yana cinye boris na famfon ruwa da na altaneta, ka gudu daga wata asara ka faɗa wata. Sabon fambel kuma yakan ɗan miƙe bayan tafiya ɗaya ko biyu, a sake dubawa. Ni shawarata, kowace motar ƙungiya ta ajiye fambel guda da sufanar da ta dace da notin a bayan kujera.

In fambel lafiya lau yake amma allura tana kwance, ka dubi jar fitilar nan mai hoton batir. In ka murɗa makulli kafin ka tayar, dole ta kama. In injin ya tashi, ta mutu. In ta ƙi mutuwa, altaneta ba ya caji, sau da yawa gawayinsa ne ya cinye, abu mai araha. In kuwa ba ta kamawa sam, kada ka yi murna. A tsofaffin altaneta da yawa, ta cikin wannan ɗan ƙwan fitila wutar farko take bi ta tashe shi. In ƙwan ya ƙone, altaneta ba zai fara caji ba sai an ba injin wuta sosai. Shi ya sa za ka ga mota ta tashi allura tana barci, sai an taka totur ta farka. Mai gyaran wayar mota, wanda muke kira rewaya, zai sa mita a kan batir: in injin a kashe, lafiyayyen batir yana nuna wajen bolt 12.6, in yana aiki, wajen 14, ko sama da haka kaɗan ko ƙasa kaɗan. In injin yana gudu mita ba ta wuce 12 da ɗoriya ba, babu caji.

Akwai wani gwaji da ake yi a tasha wanda nake roƙo a daina: a cire kan batir injin yana aiki, wai don a ga ko zai mutu. Wannan dabarar zamanin dinamo ce. A motar da ke da altaneta, wutar takan yi tsalle ta ƙona cikin altanetan, ta ƙona agogo da rediyo. Haka nan in za a yi walda a bodi ko a ƙarfen da aka ƙara don lodi, a cire wayoyin batir tukuna.

Motar fetur

Tata ta fi sauƙi. Ka bi siririyar wayar nan daga kwayil, ka ga ko ta saki, ko zafi ya ƙona ta, ko ta karye daga ciki. Abu guda ne nake so ku sani. Tun da wayar a jikin kwayil take, in ta feɗe ta taɓa ƙarfe, ba agogo kaɗai za ta kashe ba, injin ma zai riƙa yankewa ko ya ƙi tashi ƙememe. Saboda haka in mota ta mutu a hanya, kuma dama allura tana ta hauka kafin nan, ka zare wayar agogon daga kwayil, ita kaɗai, ka naɗe bakinta, ka sake gwadawa. In ta tashi, ka kama ɓarawo, ka kai kayanka kasuwa a gyara daga baya. In kuwa allura da injin tare suke rawa, a duba cikin dilko, kwantak ya cinye ko kwandansa ya gaji. Wani amfani kuma: in kana bugun sitata mota ta ƙi tashi, ka dubi allura. In tana ɗan motsi, kwayil yana samun saƙo, sai a fi zargin mai. In ko gezau ba ta yi ba, a fara neman ciwon a wajen wuta.

Agogo mai ƙarya

Wanda ya mutu ya fi wanda ke ƙarya, don mataccen ba wanda zai dogara da shi. Ƙaryar takan fara ne bayan an sake wani abu. Na ce ku riƙe maganar silinda huɗu da shida. In aka ɗauko agogon mai huɗu aka sa wa injin mai shida, zai nuna 1,200 alhali injin yana juyi 800. In aka yi akasin haka, injin yana 900 agogo ya ce 600, sai yaron gareji ya ga silo ya yi ƙasa, ya ƙara shi don ya faranta wa allura rai, mota ta dinga shan mai a tsaye. Agogunan da ake saya a ɗaura suna da ɗan maɓalli a baya mai lamba 4, 6, 8. A tabbata yana kan adadin silindar injinka. A motar gas kuma, in an sake altaneta aka kawo mai fuli ƙarami ko babba, lissafin ya rushe, sai an murɗa ɗan sukurun saiti da ke bayan agogon an daidaita shi da mitar hannu. Duk wanda ya sake inji ko altaneta, ya tambayi wannan kafin ya biya.

Sai an gama duk waɗannan, fis lafiya, at lafiya, fambel da caji lafiya, waya ba ta yanke ba, sa'an nan za a ce agogon kansa ne. Ƙurar hunturu da girgizar hanya sukan sa allura ta maƙale ko dalmar ciki ta saki. In ka ɗan ƙwanƙwasa gilashin da yatsa ta farka, ciwon yana ciki ko a soket ɗin bayansa. Rewaya mai haƙuri yakan gyara, ba lalle sai an sayi wani ba.

Ku da kuke hayar tarakta

Kalma biyu a kanku, don a tarakta wannan agogo kuɗi ne kai tsaye. A cikinsa akwai 'yan lambobi masu ƙirga awoyin da injin ya yi aiki, da su ake sanin lokacin juyen baƙin mai. In igiyar ta tsinke, allura da lambobin duka su tsaya, sai a yi ta aiki da tsohon mai ba a sani ba. A tsofaffin nan masu igiya, juyin inji lambobin suke ƙirgawa, saboda haka awarsu ba ta zama daidai da awar agogon hannu sai injin yana gudun aikinsa. In ana biya da awa, a yi magana tun farko da wanne za a yi lissafi. Gwajin igiyar kuwa, a kwance ta daga wajen injin a murza zaren ciki da yatsu. In allura ta motsa, agogo da igiya suna da rai, a duba inda take shiga injin. Bakinta mai kusurwa huɗu ne, in ya goge ya zama kewayayye ba zai kama ba.

Sa'an nan sandar da ke juyawa a bayan tarakta, wadda ake haɗa wa injin sussuka ko na feshi, an yi ta ne ta yi juyi 540 a minti, kuma akwai alama a fuskar agogon inda allura za ta tsaya a sami hakan. In agogo ya mutu direba yana aiki da ka, ko ya yi sauri masara ta farfashe, ɗan kasuwa ya karya mata farashi, ƙwari kuma su fi saurin shigarta a rumbu, ko ya yi sanyi ƙwaya ta bi totuwa da ƙaiƙayi. In kun kira mai sussuka, ku ɗebi na farko a tafin hannu ku duba kafin a ci gaba.

In za ka ɗauki shata

Ba sai ka zama bakanike ba, kuma ba rashin kunya ba ne. Kafin a ɗora buhun farko, ka tsaya kusa da direba ya murɗa makulli. Jar fitilar batir ta kama? Da injin ya tashi ta mutu? Allurar juyin inji ta tashi ta tsaya cak ƙasa da 1? Ka ce ya kunna manyan fitilu, ka ga ko za ta faɗi, ka kuma saurari kukan fambel. In agogon a mace yake, ka tambaye shi dalili. Wanda ya ce maka, "Igiyar ce ta tsinke," ko "Ɓera ya ci wayar, amma na duba caji da fambel," ya san motarsa. Wanda ya ce ado ne, ka ce ya kashe injin ya buɗe bonet ku danna fambel tare. In kuma kuna cikin tafiya allura ta faɗi farat ɗaya, jar fitila ta kama, a tsaya nan take a wuri mai kyau, kada a ce bari mu ƙarasa. Kada kowa ya buɗe murfin lagireto sai ya huce, tururinsa yana saɓule fata.

Shugabannin ƙungiya, ranar taronmu na gaba ku zo da motarku nan, da direban da yaronsa, mu buɗe bonet kowa ya danna fambel da yatsansa, mu kuma gano daga ina agogonta yake samun saƙo. Wanda ke da sufana mai lamba 12 da 14 ya taho da su. Yanzu kuma, mai tambaya ya ɗaga hannu.